Ina Kotun Alƙalin Jos Ta Shiga?

Duk wanda shari'a ta taɓa kai shi Jos ya san garin ba ya ƙarancin kotuna. Akwai Babbar Kotun Jiha a unguwar West of Mines, akwai kotunan majistare, akwai kotunan yanki da mutane ke ce wa eriya kot, akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da takwararta ta al'ada, ga kuma na tarayya, wato Babbar Kotun Tarayya da reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara. Kowace da allonta a bakin ƙofa. Ka bi allunan nan ɗaya bayan ɗaya, ba za ka ga wanda aka rubuta Kotun Alƙali a kansa ba. Amma har gobe, in rigimar aure ko ta bashi ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Gangare ko Unguwar Rogo, abin da za ka ji dattijuwa ta ce shi ne, "To, ma haɗu gaban alƙali."

Tambaya biyu ce a nan. Ta farko, ina wannan kotu ta shiga, da ita da gininta? Ta biyu kuwa ta fi ɗaure kai: me ya hau da alƙali kan dutsen Filato tun asali? Kano da Katsina da Zazzau sun san alƙalai tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Jos kuwa gari ne da shekarunsa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, kuma an kafa shi a tudun da dakarun Bauchi ba su iya murƙushewa ba, ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. Wase da Kanam, can gangaren dutse, labarinsu daban ne.

Wanda ya fita neman tsohon gini mai ginshiƙai da matakala ya ɗauko hanyar da ba ta ɓullewa, domin a ƙasar Hausa ta da, inda alƙali ya zauna nan ne kotu. A zauren gidansa yake zama, bisa buzu ko darduma, muhuti na gefe da tawada da alƙalami, littattafan Malikiyya na cikin gafaka: Risala, Muhtasar na Halilu, Tuhfa. Mai ƙara da wanda ake ƙara su tuɓe takalma a waje, su shigo su durƙusa, su ce, "Allah ya gafarta malam." Shaidu na tsugune a ƙofar gida suna jiran kira. Ran da alƙali ya rasu, ko aka tuɓe shi aka naɗa wani daga wani gida, shari'a ta tashi ke nan ta bi sabon. Zauren farko ya koma abin da yake, wurin kwanan almajirai da saukar baƙi. Manyan shari'u irin na jini da na filaye kuwa fadar sarki ake kai su.

Fitaccen wurin da aka keɓe wa shari'a gini nata na kanta shi ne Zariya. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na birnin, kuma a cikin harabar ya haɗa da ɗakin shari'a da wuraren alwala. Duk da ƙasa da azara ya yi aikin. A shekarun 1970 aka lulluɓe ɗakin sallar da sabon gini na siminti, gine-ginen harabar kuwa suka tafi. Abin da ya ceci siffar wurin shi ne aikin wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, wanda ya yi shekaru yana yawo a Nijeriya da igiyar awo yana zana gidaje da fadoji da masallatai. Shi ne kuma ya jagoranci gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, dab da gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, inda aka tayar da kwafin masallacin na Zariya da na wani sashen ganuwar Kano da na fadar Katsina.

Don haka mai son ganin hannun Babban Gwani yadda yake kafin siminti, Jos ce ta kama shi. In ka shiga kwafin masallacin daga hasken rana, sai idonka ya ɗan huta kafin ka ga komai. Sannan ginshiƙai su bayyana, masu kauri, da zane a jikinsu, bakan gizo na tasowa daga kansu suna haɗuwa a sama su ɗauki tulluwa, azara a jere tsakaninsu. Ko a tsakiyar rana wurin da sanyi. Sai dai in ka fito ka zaga bayan gine-ginen, za ka ga abin da damina ke yi musu. Ruwan Jos ya fi na Kano nesa ba kusa ba, ginin ƙasa kuma yana neman yaɓe kusan kowace shekara. Gine-ginen da hukuma ke ikirarin kula da su ma suna shan wuya, balle zauren da shari'a ta tashi daga cikinsa, magada suka raba gidan, wani ya rushe rabonsa ya zuba bulo ya buɗe shago.

Wannan ya rage mana wahalar tambaya ta farko. Amsar ta biyu kuma a cikin ƙasa take, domin kuza ce ta kawo alƙali.

Tun kafin zuwan Bature, mutanen Ririwai suna wanke kuza a rafukan yankin, su narka ta su zuba ta sanda-sanda siriri, fatake su kai kasuwa. Waɗannan sandunan ne suka faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja, suka bi sawunsu. Tsakanin 1903 da 1904 Henry Laws ya iso yankin da rakiyar sojoji. Naraguta ta zama mazaunin Turawan mulki na farko, a ƙarƙashin lardin Bauchi. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, aka shata garin Jos a 1915, babban layin dogo kuma ya iso a 1927. Kamfanoni na neman hannaye dubbai, mutanen dutse kuwa da farko ba su ga dalilin barin gonakinsu su shiga rami ba, sai da haraji ya matsa musu. Leburori suka kwararo daga Kano da Zariya da Bauchi da Barno da gaba, mahauta da 'yan koli da masu tuwo-tuwo da dillalai da malamai da makaɗa na biye da su. Sunayen wurare irin su Barikin Ladi da Sabon Gidan Kanar sun isa shaida kan bakin da ake magana da shi a barikokin. Lokacin yaƙin duniya na biyu ma, da Japan ta kama Malaya Ingila ta rasa kuzar can, sai aka shiga ɗebo mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa, abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna.

Inda aka tara mutane haka, baƙin juna, ana biyansu kuɗi a hannu kowane mako, rigima ba ta yankewa. Wannan ya ci bashin mai tuwo ya sauya bariki. Waccan ta ce miji ya tafi Bukuru ya bar ta ba ci ba sha. Lebura ya mutu ya bar akwati da 'yan sulalla, magadansa na can wani ƙauyen Kano. Di'o guda ba zai iya da wannan ba, ga shi bai san rabon gado ba. Turawa kuwa suna da makami a hannu: dokar kotunan gargajiya da Gwamna Lugga ya kafa a 1900 aka sabunta a 1906. A ƙarƙashinta Razdan ne ke ba da takardar izinin kafa kotu, a rubuta wa za ta hukunta da iyakar ikonta, daga baya ma aka kasa kotunan aji huɗu, daga A zuwa D. Mafi yawan mazauna sabon garin da barikokin Musulmi ne masu jin Hausa, sun saba da alƙali a garuruwansu, ga shi kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Da wannan takarda alƙali ya hau dutse.

Sai kuma layin da aka ja, wanda a ganina shi ne mabuɗin taswirar kotunan Jos har yau. Dokar garuruwa ta 1917 ta raba manyan wuraren da Turawa ke zaune aji-aji, Ikko kaɗai ke aji na ɗaya, Jos ta shiga na biyu. Aka raba ta gida biyu. Gefe ɗaya ɓangaren Turawa da kantuna da ofisoshi da gidajen akawuna, ƙarƙashin wani jami'i da Hausawa ke ce wa joji. Ɗaya gefen garin 'yan ƙasa, ƙarƙashin sarki da alƙali. Ƙa'idar Lugga ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata, wai don sauro. Sauro dai bai san yadi ba, amma doka ta san shi. A gefen joji dokar Ingila ce, da Turanci, da tafinta. A gefen alƙali fiƙihu ne, da Hausa, kuma doka ta hana lauya shiga. Laifi ɗaya, mutum biyu, sai inda kowannensu ya kwana ya yanke wace kotu zai tsaya.

Gine-ginen ma layin suka bi. Abin da gwamnati ta gina wa kanta, ma'aikatar ayyuka ce ta gina shi da dutse da siminti da rufin kwano, da baranda, da akwatin tsayuwar wanda ake tuhuma, kuma kowace shekara akwai kason gyara a kasafi. Abin da ke gefen 'yan ƙasa kuwa baitulmalin En'e ke ɗaukar nauyinsa, gwargwadon ƙarfinsa. Shi ya sa har yanzu manyan kotuna da ofisoshin gwamnati suka fi karkata tsohon ɓangaren Turawa, ƙananan kotuna kuma ke cikin cunkoson gari, kusa da kasuwa.

Tsarin bai yi wa kowa daidai ba. Ɗan kasuwa Ibo ko Bayarabe Kirista da ya kama haya a garin 'yan ƙasa zai iya tsintar kansa gaban alƙali, kuma ƙorafi kan haka bai taɓa yankewa ba a biranen Arewa masu baƙi. A Sabon Garin Kano, da aka mayar da unguwar hannun En'e a 1940, sai da aka kafa kotun haɗaka mai wakilan ƙabilu. Su kuma masu ƙasar da aka kafa Jos a kanta suna da tasu hanyar shari'a, ta dattawa da sarakuna da shugabannin addinin gargajiya, a fili ake yinta, ƙarƙashin itace ko bisa fa. Ita ma ba ta bar gini ba. Turawa sun daɗe suna lalube kan yadda za su mulke su. A 1926 aka cire yankin daga Bauchi aka kafa lardin Filato. A shekarun 1930, zamanin Gwamna Donald Cameron, aka shiga haɗa sarakunan Birom cikin majalisa ɗaya mai ikon shari'a. A 1947 aka naɗa Rwang Pam, malamin makaranta kuma Kirista, sarkin Birom, daga baya ikonsa ya haɗa da garin Jos, sarautar Hausawan garin kuma ta koma ta Magajin Gari. Sai ga alƙali yana buɗe Muhtasar a ƙarƙashin En'en da Kirista ke shugabanta, abin da ba za ka gani a Kano ko Sakkwato ba.

Daga nan kotun ta fara sauya kama, a hankali. Gyaran 1933 ya soke kotunan lardi da Razdan ke zama a cikinsu, ya kawo Babbar Kotu da majistarori. A 1947 shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu ta girgiza Arewa, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun sarki ta yanke, bisa hujjar cewa dokar Turawa ba ta kai laifin ga kisa ba. Da 'yancin kai ya ƙarato, hukumar Willink mai binciken fargabar ƙananan ƙabilu ta sha jin koke kan kotunan alƙalai daga waɗanda ba Musulmi ba. Gwamnatin Sardauna ta gayyato masana a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da Farfesa Anderson na Landan, da 'yan gida irin su Shettima Kashim da Peter Achimugu. Daga shawararsu aka samu kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajiberin samun 'yanci. Aka yi ta kwasar alƙalai zuwa makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya su koyi sabon littafi. Daga ranar, in ɓarawo ya zo gaban alƙali, sashe na kaza ake karanta masa. Fiƙihu ya tsaya kan aure da saki da gado da sauran ma'amaloli.

Sojoji ne suka ƙarasa aikin. A watan Mayun 1967 Gowon ya yanka ƙasar jiha goma sha biyu, Jos ta zama babban birnin Binuwai da Filato, Joseph Gomwalk na gwamna. A daidai wannan tsakanin aka soke kotunan sarakuna, aka ƙwace kotunan alƙalai daga hannun En'e aka miƙa wa sashen shari'a na jiha, ƙarƙashin Babban Joji. Ranar 1 ga Afrilu 1968 dokar kotunan yanki ta fara aiki. A ranar ne sunan ya sauka daga kan allo. Alƙalin bai je ko'ina ba: ya zama ma'aikacin gwamnatin jiha, mai lambar fayil da matakin albashi, ana iya ɗauke shi daga Jos a kai Shendam. Kuma tunda yanzu kujerar ta gwamnati ce, dole gwamnati ta nema mata ɗaki.

Mai son ganin magajiyar waccan kotu ya nufi Kasuwan Nama, inda babbar kotun yanki ke zama, wadda sunanta ke yawan fitowa a jaridu. Safiya a irin waɗannan kotuna ba ta da bambanci sosai daga gari zuwa gari. Mata da goyo a kan benci, wasu sun zo neman saki, wasu kuɗin ciyarwa. Mai gida da ɗan haya suna harare-harare. Motar gidan yari ta sauke samari biyu-biyu, wannan ya saci waya, wancan akuya. Rajistara na jera fayiloli, ɗan sanda mai gabatar da ƙara na duba takardunsa, lauyoyin da doka ta hana shiga a da suna gaba da baƙar kwat. Teburi da kujera sun maye gurbin buzu, ba wanda ke tuɓe takalmi. Amma in an kira tsoho ya ba da shaida, sau da yawa da "Allah ya gafarta malam" yake farawa.

Sauran allunan da ke garin sun zo ne daga baya, kuma kowanne da rigimar da ta haife shi. An kafa jihar Filato a 1976, shekarar da aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, wadda ta buɗe reshe a Jos a farkon shekarun 1980. A 1978 majalisar tsara kundin mulki ta kusa wargajewa kan batun kotun ɗaukaka ƙarar shari'ar Musulunci ta tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren. Sulhun da aka yi shi ne kundin 1979 ya bar wa duk jihar da ke so ta kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulunci, ko ta al'ada, ko duka biyun. Filato, zamanin Gwamna Solomon Lar wanda shi kansa lauya ne, tana sahun gaba wajen kafa ta al'ada, ta kuma riƙe ta Musulunci da Alƙalin Alƙalanta. Bayan 1999, da jihohi goma sha biyu na Arewa suka faɗaɗa shari'ar Musulunci, yawancinsu sun mayar da kotunan yanki kotunan shari'a, har da Bauchi da ke maƙwabtaka. Filato ba ta bi ba, don haka sunan 1968 ya zauna mata.

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce tarihin ofisoshi ne kawai. Amma a Jos tsohuwar kotun alƙali ta koma shaida a wata shari'ar da ta fi ƙarfin kowace kotu, wato gardamar wa ke da garin. Tun da aka kafa ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, aka yi rikicin 1994, da na Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, kowane ɓangare ke tono tarihi yana kai wa hukumomin bincike, ta Mai shari'a Fiberesima, ta Mai shari'a Niki Tobi, ta Bola Ajibola. Hausawa na lissafa sarakuna da alƙalan da suka yi a garin. Birom da Anaguta da Afizere na cewa ƙasar tasu ce tun kafin a kafa tubalin farko, kuma rahotannin Fiberesima da Niki Tobi sun tafi kan cewa su ne 'yan asalin wurin, abin da ɗaya ɓangaren bai yarda da shi ba.

Ni dai a ganina an ɗora wa kotun kayan da ya fi ƙarfinta, kamar jakin da masu kaya biyu ke ja, kowa na cewa nasa za a fara saukewa. Kotun tana tabbatar da abu ɗaya ba shakka: Hausawa na cikin garin Jos tun kafuwarsa, da yawan da ya sa gwamnati ta amince musu da hukumominsu, kuma mai kiransu baƙin jiya bai yi wa tarihi adalci ba. Amma ba ta tabbatar da cewa wani sarki ya ci tudun da yaƙi ya naɗa alƙali ba. Razdan ne ya sa hannu a takardarta, don sauƙaƙa wa kansa mulkin garin ma'adinai, kuma Turawan da suka ba ta izini su ne suka sa ta ƙarƙashin sarkin Birom da lissafinsu ya sauya. Kowane ɓangare na karanta rabin takardar da ya yi masa daɗi.

Takardun kuwa suna nan. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna akwai fayilolin lardin Filato, cike da rahotannin Di'o da Razdan kan haraji da sarautu da kotuna. A Kano, wani masani mai suna Allan Christelow ya zauna da rajistar majalisar shari'a ta Sarki Abbas ta shekarun 1913 da 1914, ya fitar da littafi a 1994, kuma daga 'yan layukan Larabci na kowace shari'a aka ga yadda talakawan lokacin ke rigima kan gona da bayi da diyya. Irin wannan aikin ne rajistocin alƙalan Jos da Bukuru ke buƙata daga ɗaliban tarihi na Jami'ar Jos, domin a rajistar kotu ake rubuta sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, da abin da ya haɗa su, da shekarar da suka tsaya gaban alƙali.